Waken Sarki da Waken Kasuwa

An yi wani sarki a wani birni na bakin gulbi, ana ce masa Sarki Jatau, mutum ne mai ƙaunar ilimi, mai son ganin abu da idonsa. Yana da waziri mai suna Mamuda, wanda ya yi karatu mai zurfi, ya san hukunci, ya san hisabi, kuma shekara da shekaru babu mai zama kusa da kunnen sarki sai shi. Kullum bayan la'asar su biyu ne a soro, sarki na tambaya, waziri na warwarewa.

Ana nan sai aka kawo wani malami makarantar birnin, Malam Tanimu, don ya koya wa yara kimiyya. Shi ma mai karatu ne, sai dai hanyarsa daban. Ya roƙi wani kango da ke bayan makaranta, ya sa yara suka share, suka tara kwalabe da gwangwanaye da yashi da gawayi. A nan suke tace ruwan gulbi har ya fito garau, su kafa sanda su bi inuwarta, su tsamo allura daga cikin turɓaya da maganaɗisu. Rannan sarki ya biyo ta wurin, sai ya ga wata yarinya ta jefa ƙwai a ruwa ya nutse, ta zuba gishiri ta dama, ƙwai ya taso. Sarki ya naɗe hannun riga ya ce a ba shi ya gwada. To, tun daga ranar la'asar ɗin sarki ta koma kango.

Waziri kuwa sai ya zo soro ya tarar da shimfiɗa babu mai ita. In an zauna fadanci, magana kaɗan sai sarki ya ce, "Malam Tanimu ya nuna mini," kuma duk lokacin da sunan nan ya fito, sai Mamuda ya ji kamar an ɗiga masa man gyaɗa mai zafi a ƙirji. Tuwo ya daina yi masa daɗi. Har yadda malamin ke karkata hularsa haushi yake ba shi. Wai shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan littattafai, yau mai tsince-tsincen gwangwani ne ya fi shi daraja a idon sarki.

Da abin ya ishe shi, ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, iyaye sun ba mu amanar 'ya'yansu don su sami ilimi, ga shi sun koma wasan taɓo. Abin da ke faranta ido daban, abin da ke amfanar ƙasa daban. Shawarata a rufe kangon nan."

Sarki ya dube shi ya ce, "Waziri, ba a rufe ƙofa da zato. Kai ka shirya musu jarrabawa yadda ka ga dama. In sun faɗi, a rufe kango, malamin ya koma inda ya fito. In sun ci, to mu ma mun san nauyin shawararka."

Mamuda ya koma gida ya buɗe rumbunsa, ya ɗebo wake ƙwarya guda da hannunsa, ba tare da kowa ya gani ba. Ya raba shi biyu, rabi ya zuba a jakar fata mai ado, rabi ya ƙulle a tsohon tsumma. Ya kai fada ya ce, "Wannan irin gonar sarki ne, wannan kuma na kasuwa. Yara su gaya mana wanne ya fi kyan shuka." A ransa kuwa cewa yake, duk birnin nan babu mai bakin da zai daidaita waken sarki da na 'yan tebur. Malamin zai yaba na jaka don neman fada, ni kuwa in tona, kowa ya ga kimiyyar tasa daɗin baki ce.

Bayan 'yan kwanaki zuciyarsa ta kasa haƙuri, ya leƙa kangon. Ya tarar da gwangwanaye jere, an shuka waken a ciki, wasu da jan zare a wuya, wasu da baƙi. Ƙasa daga rami ɗaya aka ɗebo, ruwa da ludayi ɗaya ake aunawa, kuma kowace safiya sai a sauya musu wuri don kada rana ta fifita wani. Ya kira yarinyar nan mai ƙwai, sunanta Kandala, ya ce, "Ke 'yata, wanne ne na sarki a nan?"

Ta durƙusa ta ce, "Ba mu sani ba, Baba Waziri. Malam ya juye su ya ɗaura zare, ya ƙi gaya mana. Ya ce in mun sani, hannunmu zai riƙa ƙara wa na sarki ruwa ko ba mu yi niyya ba."

Waziri ya juya ya fita. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne dabarar ta yi kyau, kuma ba daga kansa ta fito ba.

Ranar hukunci fada ta cika. Yara suka shigo da gwangwanayensu a kan faifai, suka jera. Malam Tanimu ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, yaran su suka yi aikin, su za su faɗa."

Kandala ta ce, "Ranka ya daɗe, mun shuka, mun auna tsayi da kara, mun duba ganye. Da muka ga abin da muka gani sai muka sake shukawa, ko mun yi kuskure. Na jan zare da na baƙi, babu wanda ya fi wani."

Fada ta ɗauki guna-guni. Sarkin Fada ya yi dariya ya ce, "To madalla. An ɓata kwanaki ana ban ruwa, amsar ita ce ba a sani ba. Ko tsohuwa mai ƙosai ai da ta taɓa za ta gaya maka. Malam, waken gonar sarki ne fa kake haɗawa da na kasuwa."

Malam Tanimu ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, abin da gwangwani ya nuna ke nan. Ba ni da ikon ƙara masa."

Fuskar sarki ta sauya, don shi ma yana alfahari da gonarsa. Ya dubi Mamuda ya ce, "Waziri, da alama kai ke da gaskiya. Jarrabawarka ce, kai za ka yanke."

Ga abin da Mamuda ya daɗe yana nema an miƙo masa a tafin hannu, ba ciniki ba tayi. Kalma ɗaya zai faɗa malamin ya ɗaure kayansa, kuma daga shi sai Allah suka san rumbun da waken ya fito. Ya dubi Tanimu, ya ji haushin nan yana nan daram. Ya dubi yaran, ya ga sun sunkuyar da kai, ɗaya ma yana tura gwangwaninsa baya da ƙafa don kunya. Ya san in ya yi shiru, darasin da za su tafi da shi gida shi ne, in an tambaye ka a fada, ka duba jaka kafin ka duba shuka. Kuma shi Mamuda, duk abin da ya mallaka a duniya shi ne ba a taɓa kama hukuncinsa da tauye ba. Bai ga dalilin da zai sayar da wannan da araha saboda wani baƙo ba.

Ya miƙe ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, yaran sun ci. Babu waken sarki a nan, babu na kasuwa. Duka daga rumbuna yake, ƙwarya ɗaya na raba biyu. Tarkon fadanci na kafa wa malaminsu, bai taka ba."

Sarkin Fada ya shiga gyaran rawani. Sarki ya ce, "Da ka yi shiru, wa zai sani?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

"To yanzu ka daina jin haushinsa?"

"Ban daina ba, Allah ya ba ka nasara, kuma ban ga ranar dainawa ba."

Sarki ya yi murmushi. Ya yi umarni a kewaye kangon da katanga, maƙera da magina su riƙa yi wa yara duk kayan gwajin da malaminsu ya nema. Sannan ya sa aka yafa wa waziri alkyabba, ya ce, "Daga bana kai ne mai jarraba makarantar nan duk shekara. Masoyi zai yi musu sassauci, maƙiyi zai zalunce su. Kai kuwa idonka ba zai bar musu kuskure ko ɗaya ba, harshenka kuma ba zai yi musu ƙarya ba."

Da aka tashi, Malam Tanimu ya matso ya ce, "Allah ya saka wa Waziri da alheri."

Mamuda ya gyara alkyabbarsa ya ce, "Riƙe godiyarka, malamin gwangwani. Jarrabawar baɗi sai ta fi wannan wuya."

Auna wa masoyi daidai, wannan kowa ya iya. Mai adalci shi ne wanda zai cika mudu ga wanda ransa ba ya so, yana cike da haushi, amma bai rage ko ƙwaya ɗaya ba.