Takalma Uku na Motar Bawa

Akwai wani bawan Allah a Jibiya mai suna Bawa, wanda shan inna ya shanye wa ƙafafu tun yana ɗan shekara huɗu. Shekara talatin ya yi yana rarrafe a bakin iyaka, da silifa a hannuwa saboda zafin ƙasa.

A shekarun da aka fara shari'a a Katsina ne wani direban Maraɗi ya kawo masa wata 'yar motar tsere da ya tsinto a Yamai. Kujera ɗaya gare ta, inji kamar na janareto, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Mai walda ya mayar masa da totur da birki hannu. Ba giya, ba abin takawa, kana ba ta wuta sai ta ja da kanta.

'Yan tasha suka sa mata suna Tabarma. Da ita Bawa yake ɗaukar wa 'yan kasuwa ƙananan kaya daga shingen kwastan zuwa tasha. Ranar da ya fara hawanta ya jefa silifan nan ƙarƙashin gado, ya ce wa matarsa Salmatu shi da su sai a lahira.

Bayan shekara biyu Tabarma ta fara ciwo. In ya ba ta wuta sai ta yi ƙugi, ta yi ƙauri, sannan ta ja da kyar.

Makanikai biyu ne a gindin darbejiyar tasha. Akwai Imrana, gwanin gyaran babur ƙirar Jincheng, wanda 'yan acaba ke yi wa layi. Akwai kuma Baba Abu, tsohon da ya koyi gyaran mobilet, ƙaramin babur ɗin nan mai feda, a Maraɗi. Tunda aka daina hawan mobilet aka daina zuwa wajensa, sai dai ya wuni yana korar ƙuda daga kan sifanoninsa.

Bawa ya wuce tsohon ko sallama bai yi ba, ya tsaya gaban Imrana.

Imrana ya kwance wani ƙarfe mai kama da gwangwani a gefen injin. Ya ce, "Ga ciwon nan. Kuloci ne ya bushe ƙamas. Ina ka taɓa ganin kuloci ba mai?"

Daga inda yake zaune Baba Abu ya ɗago kai. "Imrana, wanga ba irin na babur ba ne. Busasshe ne, kada ka sa mai mai."

Imrana ya yi dariya. "Baba, zamanin mobilet ya wuce. A taya mu da addu'a kawai."

Abin da ya fi ciwo shi ne Bawa ma ya yi dariyar. Ya ce, "Bar shi ya yi aikinai, Baba."

Aka tsoma kulocin cikin baƙin mai aka mayar. Injin ya tashi lafiya, ya yi ta ihu, amma Tabarma ko motsi. Kwana uku Imrana yana kwancewa yana ɗaurawa. A na huɗu ya goge hannu ya ce motar ta mutu, a sayar wa 'yan gwangwan.

A ranar Salmatu ta durƙusa ta zaro silifan daga ƙarƙashin gado. Ta wanke su, ta ajiye a bakin ƙofa.

Wallahi wanda bai taɓa hutawa ba bai san nauyin gajiya ba. Gwiwoyin da suka yi laushi cikin shekara biyu suka farfashe a rana ɗaya. Mutane suka yi ta zuga shi ya kai Imrana gaban alƙali, don lokacin ko akuya ta ci maka dawa sai a ce a tafi kotu. Bawa ya ce, "In alƙali ya ba ni gaskiya, shi za ya goya ni in koma gida?"

Kwana goma sha ɗaya kunya ta hana shi zuwa inda ya kamata. Ranar Lahadi, ana tsakiyar cin kasuwa, ya rarrafa ya ratsa layin 'yan acaba har gaban tsohon.

"Baba, na yi maka dariya."

"Na jiya. A turo ta."

Baba Abu ya buɗe gwangwanin kulocin, ya jera kayan cikinsa a kan buhu. Ya ce, "Mu can Maraɗi ambirayaj muka ce mai. Duba nan, takalmi ukku gare shi, kowane da sifirin. In inji ya yi gudu sai su buɗe su kama bangon gwangwanin, shi kuma ya ja sarƙa. To takalmin da ya taka mai, ƙaƙa za ya kama ƙasa?"

Ya nuna masa inda ƙarfen ya yi shuɗi. "Wanga kuma kai ne. Kana bin layin kwastan sannu-sannu da rabin wuta, shina gogawa shina ƙonewa. Ko ka tahi, ko ka tsaya."

Ya wanke gwangwanin da fetur, ya goge da samfefa. Amma fatar takalman ta riga ta sha mai, ba ta da sauran amfani. Ga shi ko a Kano ba a sayar da irinsu.

Tsohon ya jawo wani gwangwanin madara mai tsatsa. Fatun kulocin mobilet ne a ciki, sababbi, shekara shida suna jiran mai tambaya. Ya yanka, ya goge, ya kafa su da ƙusa, tun hantsi har aka kira la'asar. Sannan ya ɗiga mai ɗigo ɗaya tak a inda gwangwanin kulocin yake juyawa a kan sandar injin.

"Nan kaɗai ka son mai. Ɗigo guda, duk sati."

Bawa ya hau, ya ba ta wuta. Tabarma ta yi shiru kamar tana tunani, sai ta zabura. Ya zagaya tasha sau biyu, ya wuce ta gaban Imrana wanda ya duƙufa kan wata taya bai ɗago ba, ya dawo idonsa ya cika da hawaye.

"Baba, mi zan ba ka?"

"Ka riga ka ba ni. Shekara shida ba wanda ya tambaye ni komi sai ƙarfe nawa."

Sai ya miƙa hannu ya ɗauki silifan da Bawa ya yar a ƙasa, ya rataye su a ƙusar da ke jikin darbejiya.

"Waɗanga kuma a bar mani su nan. Kada Salmatu ta sake wanke su."

Darasi: Kada ka raina mutum don kasuwarsa ta mutu, saninsa bai mutu ba. Kuma ba kowane ciwo ake yi wa maganin da ka saba ba. In abu ya fi ƙarfin saninka, ka ce ban sani ba kafin ka mayar da wani rarrafe a ƙasa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wani Baba Abu a unguwarku da kuke wucewa ba sallama.