Wutar da Ta Ɓace a Hanyar Lambu

Akwai wani mutum a wani ƙauye, sunansa Habila, yana noman albasa da rani a bakin fadama. Da wutar lantarki ta iso ƙauyen, sai ya sayi injin ban ruwa, ya jawo masa wuta tun daga gidansa har rijiyar lambu. Wurin da nisa, Habila kuwa mutum ne mai son sauƙi. Ya tattaro guntayen siririyar waya irin ta ƙwan fitila, ya murɗa bakin wannan da na wancan, ya naɗe mahaɗan da robar tsohon tub na taya. Wayar nan ta bi ta kan katangar maƙwabciyarsa, wata gwauruwa mai suna Rifkatu.

Injin bai taɓa yin ƙarfi ba, da rani ya tsananta kuma sai ya koma nishi kawai. Ruwa yana fitowa kamar ana tsiyaya buta, albasa ta fara kwanciya. Ana cikin haka Rifkatu ta fara sayar da zoɓo mai sanyi a ƙofar gida. To fa! Habila ya ce a ransa, "Sanyin nan daga ina? In firji ne, wutar wa yake sha?" Bai tambaye ta ba. Ya dai shiga leƙen katangarta duk sa'ad da zai wuce. In ta gaishe shi ya amsa ciki-ciki. Ko tukunya ce ta yi ƙara a gidanta, a kunnensa firji ne.

Ran Lahadi bayan sujada ya ja dattawa biyu gefe, ya ce, "Ni dai ban ce kome ba, amma a lura da matar nan." Kun san irin wannan magana, ai ta fi zagi ciwo. Kafin Laraba matan zumuntar coci duk sun ji, har aka karɓe makullin rumbun ikkilisiya daga hannunta. Rifkatu ta daina zuwa sujada, baiwar Allah, don kunya.

Dattawa suka ce sai da shaida. Habila ya ɗauko Zakka mai gyaran wuta daga gari, ya ce masa, "Injiniya, so nake ka kama mini ita ƙiri-ƙiri."

Zakka ya ce, "Baba, ni waya nake yi wa tambaya, ba mutane ba. A kunna injin."

Ya sa mitarsa a bakin gidan Habila, ya ce, "Ƙarfin da ke tura wutar a nan bolt ɗari biyu da talatin ne. Yawan wadda ke gudu a cikin wayar kuma amfa goma." Suka bi waya, suka wuce katangar Rifkatu, Habila yana ta nuni da baki. A rijiya Zakka ya sake gwadawa: bolt ɗari da casa'in, amfa goma.

Habila ya yi tsalle. "Ka gani! Arba'in sun ɓace! Na faɗa!"

Zakka ya ce, "Tsaya, Baba. Amfa goma ta bar gidanka, amfa goma ta iso nan. Da wani ya ɗiba a hanya, da ta iso a rage. Ba wanda ya taɓa maka wuta." Ya durƙusa yana zane a ƙasa da tsinke. "Raba arba'in ɗin nan gida goma, ka sami huɗu. Wannan ita ce turjiyar wayarka, om huɗu, wato yadda take hana wuta wucewa. Yanzu arba'in sau goma, wat ɗari huɗu ke nan. Su ne ƙarfin da injinka ke nema, wayarka tana cinyewa. Kashe injin, ka kawo hannunka."

Habila ya kama wata mahaɗa, ya saki da sauri yana yarfe yatsa. Zafi ƙwarai, robar har ta fara narkewa. Shi da kansa kuwa ya murɗa mahaɗar nan.

Da yamma ya yi sallama a gidan Rifkatu, kansa a sunkuye. Ta saurare shi har ya gama, sa'an nan ta buɗe wata tsohuwar kula, ga ƙanƙarar da take sayowa a gari. Ta ce, "Baban Saratu, shekara ashirin muna katanga ɗaya. Da ka tambaye ni, da na buɗe maka tuntuni. Na yafe. Amma ba a nan ka faɗa ba, a coci ka faɗa. Can za ka je ka warware."

Ran Lahadi kuwa ya miƙe a gaban jama'a ya warware. Aka mayar mata da makulli. Duk da haka har yau akwai masu duban kularta da gefen ido.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Wutar da ke bakin gida alherin Ubangiji ne, a cike yake fitowa, bai taɓa ragewa ba. Wayar ita ce zuciyarka. Mahaɗan nan kuwa su ne gaba, da ƙyashi, da zargin da ka naɗe ka ɓoye. Su suke hana alheri isa ga addu'arka da aikinka, abin da suka tare kuma yakan zama zafi a cikinka. Shi ya sa kake jin kowa ɓarawonka ne.

Abin yana ba ni haushi, gaskiya, yadda muke saurin auna maƙwabci, mu kuwa ba mu yarda a auna mu. Dubi bencin da ke kusa da kai. In akwai wanda ya daina zama a kai saboda wata magana da ka yi ƙasa-ƙasa, kada ka ci abincin rana yau sai ka je gidansa. Wanda ka faɗa wa maganar, ka tafi da shi.