Mai Rijiya da Zaurukansa

Akwai wani mai gida da ya ci gadon rijiya a wurin mahaifinsa. Ruwanta garai-garai, mai sanyi, ba ta ƙafewa ko da rani ya kai rani. Mutumin nan ba marowaci ba ne, kada ku ɗauki alhakinsa. Ƙofarsa a buɗe take, kowa ya zo ya ɗiba. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya son a yi masa ɓarna.

Wata rana wani ya zura guga mai datti a rijiyar. Sai mai gida ya gina zaure a bakin ƙofa, ya sa mai tsaro ya riƙa tambayar kowa sunansa da sunan ubansa. Aka jima, wani ya yi ƙaryar suna. Sai ya gina wani zauren a bayan na farko, inda za a sake tambayar sunan nan dai, wai a ga ko bakin mutum zai sāke. Daga nan fa abin ya zama masa jiki, kowace ɓarna ta haifi zaurenta. A wannan a tambaye ka a wace damina aka haife ka. A wancan a ce ka faɗi rijiyar da ka saba sha da sunan wanda ya haƙa ta. Akwai ma inda ake raɗa maka wata kalma a kunne, ka riƙe ta har zaure na ƙarshe. In ka yi tuntuɓe a ko'ina, ba mai gaya maka inda ka kuskure. Abin da za ka ji kawai shi ne, "Akwai kuskure, koma bakin hanya ka sake." Ka ji fa! Duk a kan ruwan sha.

Ana nan sai fari ya sauko wa ƙasar, rijiyoyi suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Mai gida ya tuna da yayarsa, gwauruwa ce tsohuwa a wani ƙauye mai nisa. Ita ta goya shi a bayanta sa'ad da mahaifiyarsu ta rasu. Ya aika mata da saƙo ya ce, "Yaya, ki taso ki zo. Ruwana ruwanki ne." Sa'an nan ya shimfiɗa tabarma a gefen rijiya yana jiranta.

Ya jira, ya jira. Ba yayarsa, ba kuma kowa. Gidan da dā yake cike da hayaniyar mata da ƙarar guga ya yi tsit, har in ganye ya faɗa cikin rijiyar sai ya ji saukarsa. Ya ce a ransa, ashe farin bai kai yadda ake faɗa ba, tun da mutane ba su matsu ba. Yayarsa kuwa, ya ɗauka fushi take yi da shi.

Amma kullum da rana tsaka, lokacin da ko ƙadangare ya nemi inuwa, sai ya riƙa jin wata murya daga can nesa, siririya, ta ratso bangaye har ba a gane mai ita.

"Gafaranku dai, masu gida."

Sai shiru. Can kuma ya sake jinta, ta ɗan matso. Ta sake matsowa. Har ya miƙe zaune yana kallon ƙofar ciki, yana jiran a ɗaga asabari. Sai muryar ta ɗauke. In an jima ya sake jinta daga can farkon, nesa, kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Haka take yi har rana ta karkata. Amma bai tashi ya duba ba. Ya ce ai aikin masu tsaro ne. Kwanaki suka yi ta wucewa, muryar tana ƙara dishewa, tana kuma juyawa tun ba ta yi nisa ba.

Ran nan rana ta take tsaka, bai ji ta ba. Shirun nan ya fi muryar ba shi tsoro. Ya tashi ya bi zaurukansa zuwa waje, abin da ya daɗe bai yi ba.

A kowane zaure sai ya tarar da tuluna jingine da bango, babu ko ɗigo a ciki, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin waɗansu. Masu su sun gaji da ɗauka suna komawa, sun ajiye sun tafi. Iska mai zafi tana ratsa zaurukan tana shiga bakin tulunan, kowanne yana nishi da irin muryarsa. Ya yi ta wucewa a tsakaninsu da sauri.

Da ya fita waje, sai ga wata tsohuwa kwance a gindin katangarsa, leɓunanta sun tsattsage. Ya sunkuya ya duba fuskarta, sai ya gane ta.

"Yaya!"

Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Auta, kai ne? Na yi ta sallama. Kalmar nan ce take ɓace mini kafin in kai."

Ya ɗauke ta ya goya, ba ta fi nauyin damin kara ba. Ya ruga zaure na farko ya faɗi sunansa. Ya faɗa a na biyu. A na gaba mai tsaro ya tare shi ya ce, "Wa ya haƙa rijiyar da ka saba sha?"

Ya shiga lalube a ransa. Kakansa ne ko kakan kakansa? Bai taɓa tambaya ba.

Ya ce, "Kai, ni ne fa mai gidan!"

Mai tsaro ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Amma kai ka rantsar da mu, ka ce ko kai ne kada a ɗaga maka ƙafa. Akwai kuskure, koma bakin hanya ka sake."

Ya juya da gudu ya kwantar da ita inda ya same ta. Ya fizgi diga a hannun wani mai wucewa, ya shiga saran katangarsa kamar wanda ya zautu. Ƙasa ta zube, kafa ta buɗe. Ya leƙa, sai ga bakin rijiyar nan a gabansa, da tabarmarsa a gefe. Ashe duk kwanakin nan katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ya ja ruwa, ya tallafi kanta ya kai mata baki. Ruwan ya bi gefen bakinta ya zube a ƙasa. Ta riga ta cika.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Rijiyar ita ce kowane alheri da Allah ya danƙa a hannunmu domin waɗansu. Zaurukan su ne sharuɗɗan da muke jerawa a gabansa don tsoron kada a cuce mu. Hausawa sun ce rijiya ta bayar, guga ya hana.

A zamanin nan ba da laka muke gina zaurukanmu ba, a cikin waya muke gina su. Ikilisiya ta ware taimako domin gwauraye da marasa lafiya, madalla. Amma sai an cika fom a shafin intanet. A tambayi lambar waya sau biyu, a nemi hoto, a nemi kalmar sirri mai wuyar riƙewa. Tsohuwa ta ari waya ta yi ta fama, ta kuskure wuri ɗaya, duk abin da ta rubuta ya goge, ba a ma nuna mata inda ta kuskure ba. Mu kuwa muna zaune muna cewa mutane ba su matsu ba. Wannan abu yana ƙona mini rai, ba zan ɓoye muku ba.

Ku masu tsara irin waɗannan shafuka, ku tambayi abin da ya zama dole kaɗai, da Hausar da kakarku za ta gane. Wanda ya kuskure, ku nuna masa wurin, ku bar masa sauran amsoshinsa. Kafin ku saki fom ga jama'a, ku fita waje ku shigo ta cikinsa da kanku. Mu sauran kuma, kowa ya duba zaurukan da ya gina tsakaninsa da mai neman gafararsa ko taimakonsa. Ubangijinmu bai tambaye mu sunan kakanmu ba kafin ya shayar da mu. In kana jin sallama tana matsowa tana komawa, tashi ka duba yau, tun mai yin ta yana da sauran murya.