Sunan da Sarki Jatau Bai Taɓa Kira Ba

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan duwatsun gabas, an yi wani ƙasaitaccen sarki mai suna Jatau, wanda in ya yi gyaran murya fada takan yi tsit. Ɗansa guda ne, Zubairu, kuma da yake ɗan fari ne, kunya ba ta taɓa barin sunan ya fito daga bakin uban ba. Sai dai "kai", ko "yaron nan".

Ana shirin auren Yarima da Gimbiya Yalwa, tsautsayi ya sa ya jefi wani kare a gindin tsamiya. Ashe ɗan aljani ne. Nan take Yarima ya rikiɗe ya zama ɗan kwikwiyo, murya ta fito daga tsamiya: "Ya kai sarki, in kaka ta yi ka kawo shi nan, ka kwance masa igiya. In ya amsa kiranka, ɗanka ne. In ya shige dajinmu, namu ne har abada."

Sarkin Baka, shugaban mafarauta, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, kwikwiyo sai da lallashi. A riƙa tsawaita igiya, a kira sunansa, in ya zo a ba shi tsoka."

Tsoka kam sarki ya bayar, suna ne ya gagara. Kullum ya tsuguna yana "Kai, zo!", kwikwiyo kuwa ya bi fara abinsa. Mai dubban dakaru, ga abin da bai kai zakara ba ya fi ƙarfinsa. Ya shiga ɗaki ya yi ta kuka.

Kaka ta yi, aka kai shi gindin tsamiya, aka kwance igiya. Kwikwiyo ya sheƙa da gudu ya nufi daji.

"Kai! Yaron nan!" Ko waiwaye. Aka kaɗa tambura, aka watsa nama, duk a banza. Kansa ya shige duhuwa, saura wutsiya. Sarki ya durƙusa a turɓaya, rawani ya warware, ya kwarma ihu: "Zubairu!"

Fadawa suka sunkuyar da kai don kunya. Wutsiya ta tsaya cak. Kwikwiyo ya juyo a guje ya faɗa ƙirjin sarki, sai ga Yarima mutum, yana haki. Ya ce, "Baba, ashe ka san sunana?"

Aka ɗaura aure da Gimbiya Yalwa, ƙasa ta zauna lafiya. Har sarki ya tsufa, in ba kowa kusa, yakan kira sunan ko da ba shi da abin faɗa.