Farin da Ya Fito wa Fulawar Yallaɓai

Jama'a, yau akwai wani dattijo da nake so in ba ku labarinsa. Mai kula da lambu ne a gidan wani babban ma'aikaci, shekara goma sha ɗaya yana aikin. A ɗakuna biyu na bayan gidan yake zaune da iyalinsa, kowa kuma Baba yake ce masa.

Maigidan ba mugu ba ne, sai dai akwai saurin yanke hukunci. Abu biyu yake ji da su: tukwanen fulawa takwas da aka jera dama da hagun ƙofar shiga, da sabuwar motarsa, wadda ko direba bai yarda ya wanke ta ba.

Wata safiya ya fito ya tarar ganyen wasu fulawoyin ya yi fari-fari, kamar an barbaɗa gari. Ya ɗauki hoto, ya duba waya minti biyu, shi ke nan ya zama likitan tsirrai.

"Fumfuna ce," in ji shi. "Sakacinka ne, Baba. Tsufa ya fara cin aikinka. Na ba ka kwana bakwai, in abin nan bai tafi ba, ka nemi wani wurin."

Baba ya san abin da hakan ke nufi. Barin aikin nan barin ɗakunan ne, ga yara uku. Amma bai yi musu ba, ya ce, "To Yallaɓai, zan duba."

Ya durƙusa yana bin ganyen ɗaya bayan ɗaya. In fumfuna ce, ganye kan nannaɗe, farin kuma ya bi sabon toho. Bai ga haka ba. In ƙwari ne, da ya ga abu kamar auduga a maƙale a gaɓoɓin reshe. Babu. Farin a saman ganye kawai yake, ɗigo-ɗigo, busasshe. Da ya goga da tsumma da ruwa mai ɗan lemun tsami, sai ya fita tas.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, tukwanen dama kaɗai suka kamu. Na hagu kuwa kore shar.

Washegari ya zauna gefe yana gyaran almakashi, ido na kan tukwanen. Sai ga Yallaɓai da bokitin kumfa da tiyo, yana wanke mota har da 'yar waƙa. Duk feshin a kan tukwanen dama yake sauka, rana ta fito ta busar da shi.

Matar Baba ta ce, "Ka je ka faɗa masa mana! Mu ne za mu kwana a titi saboda sabulunsa?"

"In na faɗa da baki, zai ce na raina shi," in ji Baba. "Bari ya gani da idonsa."

Sai ya wanke ganyen duka, ya nemi izinin sauya wa tukwanen wuri. Na dama suka koma hagu, na hagu suka dawo dama.

A rana ta bakwai Baba ya kira maigidan, uwargida ma ta biyo shi. Waɗanda suka yi fari a da sun tsaya kore. Masu lafiyar da aka matso da su kusa da mota kuwa sun yi fari fat.

Maigida ya dubi ganyen, ya dubi bokitin wankin motar da ke hannunsa. Uwargida ta kasa riƙe dariya.

"Abban yara, ashe fumfunar da ƙafarta take zuwa kowace safiya."

Kunya ta kama shi sosai. Ya ajiye bokitin ya ce, "Baba, na zalunce ka. Ka yafe mini. Aikinka yana nan, ɗakunanka ma haka."

Baba ya sauke ajiyar zuciyar da ya kwana bakwai yana riƙe da ita. "Ba komai, Yallaɓai, ya wuce."

"To yanzu a ina zan riƙa wanke motar?"

"Can baya kusa da kwata," in ji Baba. "Amma don Allah nesa da alayyahun matata. Ita ba ta ba da kwana bakwai."

Darasi: Kafin ka ɗora wa na ƙasa da kai laifi, fara duba abin da ke hannunka, wataƙila ɓarnar daga can take. Kai kuma da aka zarga, haƙuri da nutsuwa za su wanke ka fiye da gardama. Ku tura wa wani, musamman mai saurin fushi da ma'aikatansa.