Manomin da Ya Sauka a Hayin Gada

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye da ke gindin dutse. Mai tsoron Allah ne, ba ya fashin sujada, kuma in ana neman mai kunya a ƙauyen nan, shi za a fara nunawa. Yana da 'yar fari wadda ya rena bayan rasuwar uwarta, amma bisa ga al'adar mutanensu bai taɓa kiran sunanta ba. "Yarinyar" yake cewa, kowa kuwa ya san wadda yake nufi. Da ta girma, wani kafinta ya aure ta, ya tafi da ita babban birni. Shi ma surukin bai samu suna a bakin manomin ba, "mijin yarinyar" ne kawai.

Ana nan, wata rana direban motar kasuwa ya tsaya a ƙofar gidansa da saƙon baka. Ya ce, "Baba, 'yarka tana kwance a asibiti, za a yi mata aiki a ciki ranar Alhamis da safe. Ta ce abu ɗaya take roƙo: ka zo ka ɗora hannunka a kanta, ka yi mata addu'a kafin a shiga da ita. Mijinta ya share maka ɗaki a gidansu, can bayan asibitin. Ya ce ka bi mota har tashar ƙarshe, zai jira ka a can."

Hankalin manomin ya tashi, domin yana ƙaunar 'yar nan kamar ransa. Ya je ya yi sallama da yayarsa, wata tsohuwa mai kaifin baki, ya faɗa mata saƙon.

Ta ce, "Gidan suruki? Kai da furfurarka? Ka ci tuwonsa, ka yi wanka a bayan gidansa, ya kwana yana jin munsharinka? Haba! Me mutane za su ce?"

Ya ce, "To, Yaya, ina zan sauka?"

Ta ce, "Hayin Gada mana, wurin Tanimu. Duk mutanen garinmu a can suke. Daga nan sai ka leƙa su, kamar hanya ce ta biyo da kai."

Maganar ta zauna masa daram, don dama abin da zuciyarsa take so ta ji ke nan.

A cikin mota ya tambayi abokan tafiya unguwar da ta fi dacewa baƙo ya sauka. Ai kuwa sai kowa ya zama malami. Wani ɗan kasuwa ya ce kusa da kasuwa, don ba abin da za ka nema ka rasa. Wata mata ta ce a'a, ɓarayi sun yi yawa a can, ya hau Tudu inda iska take, babu sauro. Wani ya ce Tudu ba ruwan sha. Wanda yake gyangyaɗi a baya ya farka ya ce duk ƙarya suke yi, mai hankali a bakin tasha yake sauka. Manomin yana ta gyaɗa kai, ya yarda da wannan, ya yarda da wancan, har ruwan ido ya kama shi. Ba wanda ya tambaye shi abin da zai kai shi birnin, shi ma bai faɗa ba.

Da suka shiga birni, ya tuna surukinsa yana tsaye a tashar ƙarshe, zai rusuna ya karɓi kayansa a gaban jama'a. Kunya ta rufe shi. Da ya ji an ambaci Hayin Gada, sai ya buga jikin mota, ya sauka.

Tanimu ya karɓe shi hannu biyu. Aka kawo ruwa, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka irin ta gida. Mutanen garinsu suka cika zauren, kowa da tambayarsa: wa ya mutu, wa ya yi aure, yaya damina. Shi kuwa da aka zo kan abin da ya kawo shi, sai ya ce, "Wata 'yar hidima ce." A wurinsu abin kunya ne mutum ya nuna damuwa a kan ɗan fari. Tanimu kuwa mai masauki ne na kirki, ba ya tone-tone, sai ya ce, "Allah ya sa a dace."

Kashegari ya fito neman asibiti da kansa, bai nufi tashar ƙarshe ba don kada ya haɗu da surukinsa. Ya tsai da mota ya ce a kai shi asibiti.

Kwandasta ya ce, "Wanne, Baba? Na ido, na ƙashi, na yara, ko babba?"

Manomin ya yi tsuru-tsuru. A ƙasarsu asibiti ɗaya ne, in ka ce asibiti ka gama magana. Ya ce, "Wanda akwai kafinta a bayansa."

Duk motar ta kwashe da dariya. Aka sauke shi a na ƙashi. Ya zagaya bayansa, ya ga kafintoci, amma ba nasa. Wani ya tura shi na ido. Daga na ido ya hau motar da ya zaci ta komawa ce, ta kai shi wata unguwa inda bai ji mai Hausa ba sai da ƙyar. Ya duba gabas ya rasa, domin a gida dutse ne yake nuna masa gabas, nan kuwa gini ne a kan gini. Sai da rana ta yi ja ya ga kansa a ƙofar Tanimu, ƙafafunsa sun kumbura.

Ya kwanta yana tunani, ya ce a ransa laifin unguwar ne, ta yi gefe da yawa. Ɗan kasuwar nan na cikin mota ya fi kowa gaskiya. Da gari ya waye ya roƙi Tanimu ya haɗa shi da wani kusa da kasuwa, tun da a can motoci suke haɗuwa. Tanimu ya yi mamaki, amma ya aika shi wurin wani amininsa mai sayar da hatsi. Sabon masauki kuwa yana da nasa hakki: a gaisa, a ci abinci, a jira maigida ya dawo daga rumfa. Yini ya tafi a haka. Da ya leƙa tashar kasuwa, ya tarar motoci sun fi na Hayin Gada yawa, kowane kwandasta yana kiran sunan wata unguwa da bai taɓa ji ba. Kansa ya ɗaure sarai. Ya fara tunanin ko Tudu ya kamata ya hau tun farko.

Ranar Laraba da yamma ya zauna a benci wurin wata mai sayar da abinci, ya sa kwano a gaba ya kasa ci. Matar ta dube shi ta ce, "Baba, tun jiya nake ganinka kana kai da kawowa. Wa kake nema?"

Ya ce, "Yarinyar."

"Wace yarinya?"

"Ta wajena. Ta farin."

"Ba ta da suna ne?"

Ya sunkuyar da kai. Matar ta ajiye ludayi ta ce, "Ikon Allah! To, me ya same ta?"

Ya ce, "Aiki za a yi mata a ciki. Gobe da safe."

Ta dafa ƙirji. "Gobe? Kana nan kana zaune? Ai babban asibiti ke nan, can ƙarshen gari, kusa da tashar ƙarshe. Me ya kawo ka kasuwa? Wa ya ce ka sauka a nan?"

Ya duba a ransa, bai ga wanda zai ɗora wa laifi ba. Mutane da yawa sun ba shi shawara, kuma ba wanda ya yi masa ƙarya.

Ta ce ya tashi ya tafi yanzu. Amma ya ce ba zai bar gidan mutum ba sallama ba, maigidan kuwa bai dawo da wuri ba. Da asuba ya kama hanya. Sai ga gada ta cushe, motocin kaya sun tare ko'ina, ba gaba ba baya. Ya sauka ya taka da ƙafa, yana tambaya, ana nuna masa nan, ana nuna masa can. Kafin ya isa ƙofar babban asibiti, rana ta take.

Wata ma'aikaciyar jinya ta tare shi a baranda, ta ce, "Wa ka zo dubawa, Baba? Faɗi sunanta, marasa lafiya suna da yawa."

Ya dubi hagu, ya dubi dama, babu ɗan garinsu ko ɗaya da zai faɗa a madadinsa. Sai ya ce, "Keziya." Ya sake faɗa da ƙarfi, "Keziya! 'Yata ce."

Wani mutum da ke zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa, ya ɗago. Barnaba ne, surukinsa. Ya taso ya rusuna, idanunsa jawur, ya ce, "Baba, kullum ina tasha. An shiga da ita tun ɗazu. Ta roƙi likita ya ƙara mata ɗan lokaci, ya ƙara. Har aka tura gadon tana kallon ƙofa."

Manomin ya zauna a ƙasa kusa da surukin da ya yi ta gudu, ya yi kuka a gabansa, bai ko tuna da kunya ba.

Allah ya yi jinƙai, aka fito da ita da rai. Da ta farfaɗo ta ga ubanta, ta yi murmushi, ta ce a hankali, "Baba, ashe saƙona bai same ka da wuri ba."

Ya so ya yi shiru, amma ya kasa. Ya ce, "Ya same ni, 'yata. Ina cikin garin nan."

Ta dube shi, ta ce, "A ina?"



Ma'anar wannan misali ita ce: birnin nan duniya ce, mu duka kuwa baƙi ne a cikinta, kwanakinmu kaɗan ne. Unguwanni su ne wuraren da muke ajiye zukatanmu. Wani ya sauka a cikin danginsa, inda ake cin tuwo irin na gida. Wani ya sauka a kasuwa. Ku lura, 'yan'uwa, Hayin Gada ba mugun wuri ba ne, Tanimu kuma ba mugun mutum ba ne. Abin da ya ɓata wa manomin nan tafiya shi ne, ya yi ta tambaya wace unguwa ce ta fi kyau, bai taɓa tambaya wacce ce ta fi kusa da wadda ta kira shi ba.

Ubangiji ya aiko mana da kira a fili, ya kuma shirya mana wuri kusa da shi. Amma mu, kun san mu da kunya. Muna jin nauyin a ce mun cika addu'a. Muna jin nauyin kiran sunan Almasihu a gaban abokan aiki, sai mu ce "Na Sama", mu wuce. Akwai mai zaune a nan yau da ɗan'uwansa yake kwance ba lafiya, ko suka yi shekaru ba sa magana, yana cewa zai leƙa in hanya ta biyo da shi. Hanya ba za ta biyo da kai ba, kai ne za ka tashi ka je. Kunya abu ne mai kyau, ni ma da ita aka rene ni, amma in ta shiga tsakaninka da wanda yake kiranka, ta zama zunubi.

Saboda haka kafin ka kwance kayanka a ko'ina, ka tambayi kanka abin da ya kawo ka. Keziya ta ba ubanta uzuri, ta zaci saƙo ne bai isa ba. Ubangiji kuwa ya san saƙonsa ya iso, gama yau ma kun ji shi da kunnuwanku. Ranar da zai tambaye ka inda ka sauka, ka tabbata kana da amsa.