Hannun da Babu Gicciye

Akwai wata budurwa a garinmu Minya da ke ƙasar Masar, sunanta Damyana. Ranar da ta fara ganin wani saurayi mai suna Abanub, yana ɗauke da tukunyar miyar adas, wani irin ƙaramin wake, a harabar coci, rigarsa duk ta ɓaci, shi kuwa sai dariya yake yi. A makon nan ta shiga cikin masu rabon abincin Juma'a. Ta ce don Allah ta shiga. Zuciyarta ta san sauran.

Aka ba ta rabon gurasa. Don Abanub ya ga tana da lura, duk wanda ya miƙo hannu sai ta duba wuyan hannunsa, ko akwai ɗan zanen gicciye da ake yi mana tun muna yara.

Wata tsohuwa ta miƙo kwano. Babu zane.

"Inna, wannan na 'yan coci ne," in ji Damyana.

"To, 'yata. Allah ya ba da lada." Ta mayar da kwanon cikin mayafinta ta tafi.

Da aka watse, Abanub ya yi ta waige-waige. "Yau Umm Sabir ba ta zo ba? Mijinta fa shekara biyu yana kwance, wannan miyar ce abincinsu."

Damyana ta faɗa masa abin da ta yi, idonta a ƙasa.

"Ashe mun samu mai gadin ƙofa," ya ce, amma bai yi dariya ba. "Wanda muke zana gicciyensa, hannun wa ya taɓa dubawa? Ɗauko gurasar."

Ta bi shi har lungun da tsohuwar take. Ta so a ce za a zage ta, ko ta ji sauƙi. Sai ga Umm Sabir tana shimfiɗa musu tabarma, tana ɗora shayi.

"Zauna mana, 'yar Fa'iza. Kin ɗauka ban gane ki ba? Hancin uwarki ne sak, Allah ya ƙara masa tsawo!"

"Kin san mamata?"

"Ni ce ungozomar da ta karɓi haihuwarki." Ta kama hannun Damyana, ta shafa zanen da babban yatsa. "Wannan hannun ni na fara riƙe shi, tun babu komai a kansa."

Damyana ta ajiye kofin shayin. Ta manta ma Abanub yana ɗakin. Ta kalli tsohon da ke kwance, da kwanon da aka kife babu komai a ciki, sannan ta ce:

"Inna, ba za ki ƙara tako ƙafa ki zo layi ba. Duk Juma'a ni zan kawo miki, da wannan hannun."

Darasi: Yunwa ba ta da zane a hannu. Almasihu ya ciyar da taro bai tambayi kowa daga ina yake ba. Idan za ka bayar, duba kwanon, kada ka duba wuyan hannu. Ku tura wa wanda kuke ƙauna.